Hanyoyi Biyu na Girka Manhaja a Linux: Wacce Ta Dace da Makarantun Zamfara?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce kwatanta hanyoyi biyu na girka manhaja a tsarin Linux, watau harhaɗa ta daga tushe, da kuma ɗauko ta ta hannun manajan ƙunshi. Za mu auna su da halin da makarantunmu ke ciki, tun daga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, har zuwa makarantun Tsafe da Bungudu da Furfuri.

2.0 Ma'anar Hanyoyin Biyu

Tun da Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, kowa yana da damar samun tushen manhajar, watau rubutun da masu tsara ta suka yi. Wanda ya ɗauko tushe kamar wanda ya sayi yadi ne ya zauna ɗinki da kansa. Zai ba da umurni uku, ./configure da make da make install, sa'an nan kwamfuta ta juya rubutun zuwa abin da take iya aiki da shi.

Ƙunshi kuwa riga ce ɗinkakkiya. Tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, yana da ma'aji mai ƙunshi fiye da 50,000. Manajansa, APT, shi ke ɗauko ƙunshin da aka nema tare da duk waɗanda ya dogara da su, ya duba sa hannun ma'ajin, ya kuma rubuta inda ya ajiye kowane fayil. Ubuntu, wanda ya fito a 2004, a kan wannan tsari ya ginu.

3.0 Awo

Amfanin tushe shi ne samun sabon fitowa da zaɓen sassan da ake so. Amma harhaɗa babbar manhaja kan ci sa'o'i a tsohuwar kwamfuta, ga shi wuta ba ta da tabbas a wurarenmu. Har wa yau, manaja bai san da zaman abin da aka girka da hannu ba, don haka ba zai sabunta shi ba.

A nan haɗarin yake. A Afrilun 2014 an gano ɓaraka a manhajar tsaro ta OpenSSL, wadda aka laƙaba wa Heartbleed. Masu ƙunshi sun karɓi gyara daga ma'aji. Masu tushe kuwa sai da kowa ya sake harhaɗa tasa, in ma ya tuna ya girka ta. Kwamfutar da ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗalibai ba ta kamata ta rataya ga tunanin mutum ɗaya, wanda ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe.

Ita ma hanyar ƙunshi tana da rauni, domin ta saba dogara da intanet. A farkon Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni a haka. A irin wannan hali ma'ajin da ke ƙetare ba shi da amfani. Sai dai tushen ma daga intanet ake ɗauko shi. Maganin shi ne a kwafi ma'ajin a faifai, domin APT yana karanta ma'ajin cikin gida kamar yadda yake karanta na nesa.

4.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari uku. Na farko, ƙunshi ya zama ƙa'ida a duk kwamfutar da ke aikin ofis ko ajiye bayanan ɗalibai. Na biyu, manyan makarantun Gusau su ajiye kwafin ma'aji, malaman Furfuri da Tsafe su riƙa ɗauka a faifai. Na uku, a bar harhaɗawa daga tushe ga ɗakin koyarwa da manhajar da babu ita a ma'aji, a kuma rubuta duk abin da aka girka haka a littafi, domin wanda zai gaji aikin.