Shin matuƙan jirgin sama na sauraron zangon neman agaji?

Jirgin saman da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, idan ya miƙe hanya, yakan ratsa samaniyar yammacin Zamfara ne, tsakanin Anka da Bukkuyum.

Da wani ƙaramin jirgi zai faɗi a dajin da ke kewaye da Abare, mai yiwuwa matuƙan wannan jirgi su ne za su fara jin alamar neman agajinsa, in har suna saurare.

Zangon rediyon da duniya ta keɓe domin gaggawa dai shi ne megahaz 121.5, yayin da na sojoji yake kan 243.

Manyan jiragen fasinja na ɗauke da rediyo biyu ko uku. Ta farko ita ce ta magana da jami'an kula da zirga-zirgar jirage, ta biyu kuma bisa al'ada akan bar ta a kan zangon gaggawa.

Saboda haka a irin waɗannan jirage galibi ana saurare, sai dai ba kowane lokaci ba.

Matuƙi kan karkata rediyo ta biyun domin jin rahoton yanayi, ko domin magana da kamfaninsa, kuma yakan yiwu ya manta bai mayar da ita ba. Wani kuma ya rage murya saboda surutu, musamman a Amurka, inda aka daɗe ana kokawa da masu wasa a zangon, har da kwaikwayon kukan kyanwa.

Ƙaramin jirgi mai rediyo ɗaya kuwa, sau da yawa ba shi da halin sauraron zango biyu a lokaci guda.

Ƙa'idar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta wajabta sauraren ne a doguwar tafiya bisa teku, da wasu yankuna da aka ayyana, da kuma inda jiragen soja ke iya tare jirgi.

Wannan na ƙarshe ya shafi Zamfara, inda a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage. Ta wannan zango ne jirgin yaƙi ke gargaɗin wanda ya kauce hanya.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne sauyin da aka yi ranar 1 ga Fabrairun 2009, lokacin da taurarin ɗan'adam na shirin Cospas-Sarsat suka daina sauraron 121.5, suka koma megahaz 406.

Jirage na ɗauke da wata na'ura da ke kunna kanta idan an yi haɗari. Sabuwar na aika lambar jirgin zuwa tauraro, tsohuwar kuwa ƙara kawai take fitarwa a kan 121.5, wadda yanzu babu mai jin ta sai tashar da ke kusa ko jirgi mai wucewa.

Irin wannan rediyo ba ta tsallake dutse ko doron ƙasa. Hasumiyar Sakkwato ba za ta ji na'urar da ke kwance a dajin Anka ba, amma jirgin da ke tafiya a ƙafa 35,000 na iya kama murya daga nisan ɗaruruwan kilomita, ya isar da labari.

Nijeriya ta san illar jinkiri. A watan Oktoban 2005 jirgin Bellview ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, ɗauke da mutane 117. An fara ba da rahoton cewa a Kishi ta jihar Oyo ya faɗi, sai washegari aka gano tarkacensa a ƙauyen Lisa na jihar Ogun.