Amsoshin Wasiƙunku: Idan Jirgin Ruwa Ya Ƙi Juyuwa a Tsakiyar Ruwa, Mene Ne Abin Yi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Bakori, wanda ke kai masara Yawuri ya sayo busasshen kifi. Ya ce sau da yawa sai ya shiga jirgi mai inji kafin ya kai kasuwannin bakin ruwa, ga shi bai iya iyo ba. Tambayarsa ita ce, in abin tuƙin jirgi ya lalace ana tsakiyar ruwa, me ya kamata a yi?

To Malam, ka yi tambaya mai amfani, domin mu mutanen Funtua da Malumfashi mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani bai wuce na dam ɗin Mairuwa da makamantansa ba. Shi kuwa tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 100, kuma in iska ta taso har raƙuman ruwa yake yi.

Da farko ka sani, jirgi ba shi da birki irin na mota. Yawancin jiragen da ake maƙala wa inji a baya, injin shi ne sitiyarin: matuƙi yana riƙe da hannun injin, inda ya karkata shi nan farfela za ta tura jirgin. Saboda haka matsala takan zo ta hanya uku. Ko dai hannun ya karye ko ƙusoshin da suka riƙe injin su kwance, ko farfela ta daki kututturen itatuwan da ruwa ya shanye, ko kuwa ragar masunta ta naɗe ta. A manyan jirage masu sitiyari irin na mota, wayar da ta haɗa shi da injin ce takan tsinke.

Aikin matuƙi na farko shi ne ya rage wuta nan take, ya fitar da giya. Jirgin da ke gudu ba mai juya shi, tamkar shanun huɗa ne da igiya ta kuɓuce wa mai su.

Na biyu, a juya goshin jirgin ya fuskanci iska. Babban haɗari shi ne jirgi ya ba raƙuman ruwa gefensa, don ta nan ruwa ke shiga. In wurin ba zurfi, a jefa anga, ko babban dutse ɗaure da igiya, amma daga goshi, kada a kuskura a ɗaura ta baya, inda nauyin inji ya riga ya danne. In da zurfi, a ɗaura wa bokiti doguwar igiya a sake shi ta goshi; zai rage jan da iska ke yi wa jirgin.

Na uku, a nemi abin tuƙi na wucin gadi. In hannu ne ya karye, a ɗaure gora ko katako mai ƙarfi a kan injin, a juya shi da ita. In injin ya ƙage wuri ɗaya yana kallon saiti, a ɗaure filafili a bayan jirgi, mutum ɗaya ya riƙa karkata shi. Akwai kuma dabarar bokiti: in ka ja shi a cikin ruwa ta gefen dama, jirgi zai karkata dama, in ta hagu, hagu. Duk wannan da tafiyar hawainiya ake yi, kuma gaɓar da ta fi kusa ake nufa, ba kasuwa ba.

Yanzu sai naka aikin, kai fasinja, kuma nan ne gizo ke saƙar. Lalacewar inji ita kaɗai ba kasafai take kifar da jirgi ba. Abin da ke kifar da shi shi ne mutane su miƙe tsaye, su ruga gefe guda. Ka zauna ƙasa inda kake, ka riƙe yaron da ke kusa da kai, ka yi addu'arka, ka bar matuƙi ya ji da aikinsa. In an ce a kwarfe ruwa, a kwarfe. In an ce a zubar da kaya, kada ka tsaya jayayya a kan buhun masara. Mai rai shi ke sake noma. Jarka mai cin lita 20, in babu komai ciki kuma murfinta a ɗaure, tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. In jirgi ya kife bai nutse ba, ka maƙale masa, don masu ceto sun fi saurin hango jirgi bisa kan mutum.

Amma fa duk dabarun nan ba sa aiki a jirgin da aka yi wa lodi har ruwa na taɓa bakinsa. A watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra ta jihar Kebbi ya nutse da mutane fiye da 100, kaɗan ne suka tsira. A ranar 30 ga Nuwamban shekarar, wani ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A duka biyun an yi kukan yawan lodi. Hukumar NIWA kuwa, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya.

Don haka Malam, kafin ka sa ƙafa, ka duba: akwai filafili? Akwai igiya da bokiti? Akwai riga? Ka ƙulle wayarka a leda. In ka ga lodi ya yi yawa ko hadari ya haɗo, ka haƙura ka jira na gaba, ko da za ka rasa cinikin ranar. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Allah ya tsare, ya ba da kasuwa mai albarka. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.