SHIRIN GWAMNATI NA 2060: INA MATSAYIN MURHUN ZANGO?

Maganar wuta a Gana ba ta taɓa tsufa ba, amma a watan Satumba na 2023 ta ɗauki sabon salo. A lokacin ne shugaban ƙasa na wancan zamani, Nana Akufo-Addo, ya ƙaddamar da wani shiri a gefen taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Amurka, wanda ya ce zai kai Gana ga daidaita hayaƙinta nan da shekarar 2060. Kafin nan, a 2022, shekarar 2070 aka tsayar, watau an matso da wa'adin da shekara goma. An ƙiyasta aikin zai ci jarin dala biliyan 550. Da John Mahama ya koma kan mulki a 2025, har sunan ma'aikatar makamashi aka gyara, aka ƙara mata nauyin wannan sauyi.

To, mene ne daidaita hayaƙi? Duk lokacin da aka ƙona fetur, ko gas, ko itace, akwai wata iska da ke tashi sama ta taru, ta riƙe zafin rana kamar bargo. Ita ce ke ƙara ɗumamar duniya, ta rikita damina. Itatuwa kuwa suna zuƙe wannan iska. Abin da gwamnati ke nufi shi ne a rage abin da ake fitarwa har ya yi daidai da abin da ake zuƙewa, in an yi ɗebewa a tashi da sifiri.

Idan manya suka zauna kan wannan batu, yawanci lantarki suke tattaunawa. Madatsar Akosombo ta fara ba da wuta a 1965, Kpong ta biyo baya a 1982, sa'an nan Bui a 2013. Amma ruwa ba shi da alkawari. Fari ya janyo rabon wuta a 1983 da 1998 da 2007, kuma babu wanda ya manta da wahalar dumsor daga 2012 zuwa 2016. Shi ya sa yau fiye da rabin lantarkin ƙasar nan daga injuna masu ƙona gas da mai yake fitowa, irin na Aboadze da Tema. An yi dokar makamashi mai sabuntuwa a 2011, aka yi burin kashi 10 cikin 100 na lantarki ya fito daga irin su rana da iska kafin 2020. Burin bai cika ba, aka ɗaga shi zuwa 2030. An dai kafa tashoshin hasken rana a Navrongo da Lawra da Kaleo, da kuma wadda ke iyo a kan tafkin Bui.

Duk wannan abin a yaba ne. Sai dai wutar da ta fi shafar mutanen zango ba ta bin waya. Tana ƙarƙashin tukunyar mai shinkafa da wake a Nima, da kaskon mai ƙosai a Sabon Zango, da tukubar mai tsire a Kumasi, da murhun tuwo a Tamale. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna gidajen da ke girki da gas kusan 37 ne cikin 100, alhali fiye da rabin gidajen ƙasar da itace ko gawayi suke dafa abinci.

Wannan gawayi ba daga sama yake faɗowa ba. Manyan motoci ne ke kwaso shi daga wajajen Kintampo da Buipe da ƙasar Sisala. Masu ƙona shi sun fi son itace mai tauri, don haka har kaɗanya ba ta tsira ba, ita da matan arewa ke samun man kaɗe daga gare ta su ciyar da iyali. Bugu da ƙari, hayaƙin murhu cuta ne. Uwar da ta wuni a gindin wuta da goyo a baya, ita da jaririn tare suke shaƙa, kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da alaƙarsa da ciwon huhu da na ido.

Maganin da gwamnati ta kawo shi ne gas, da burin rabin jama'a su koma kansa kafin 2030. Gas ma daga ƙasa ake haƙo shi kamar fetur, amma hayaƙinsa kaɗan ne, kuma ba a sare itace dominsa. Tun wajen 1990 ake wannan kira. An janye tallafin farashinsa a 2013. Bayan fashewar da ta auku a mahaɗar Atomic kusa da Madina a watan Oktoba na 2017, aka fito da tsarin musayar tukunya: ka kai wadda ta ƙare, a ba ka cikakkiya wadda aka ɗura a ma'aikata nesa da gidajen mutane.

Me ya hana mutanenmu rungumar abin? Ba jahilci ba ne, lissafi ne. Gawayi ana sayen na yau a dafa na yau. Gas kuwa sai an tara kuɗin tukunya da na murhu da na ɗuri a lokaci guda, kuma mai sana'ar da jarinta ke juyawa kullum ba ta da wannan sarari. Ga kuma gidan haya mai ɗakuna goma da tsakar gida ɗaya, inda yara ke guje-guje, mai gida kuma yana tsoron gobara. Har ila yau akwai dubban mutane, daga mai sara zuwa direba zuwa tsohuwa mai kasa gawayi a ƙofar gida, waɗanda abincinsu ke cikin wannan buhu. Shirin da bai tanadar musu wata sana'a ba zai tsaya ne a takarda.

Saboda haka akwai aiki a gabanmu. Na farko, wanda bai kai ga gas ba ya nemi ingantaccen kurfoti mai yumɓu a ciki, irin Gyapa, domin yana riƙe zafi ya rage cin gawayi. Na biyu, ƙungiyoyin mata su karkata adashinsu ga sayen tukunyar gas, ɗaya bayan ɗaya, a kuma nemi ma'aikatan kashe gobara su zo su koyar da yadda ake gane yoyo da inda ya kamata a ajiye ta. Na uku, sarakunan zango da limamai da wakilanmu a majalisun gunduma su tambayi Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017, da ma'aikatar makamashi: nawa aka ware wa murhu cikin waɗannan biliyoyi, kuma ko za a sayar da gas kaɗan-kaɗan yadda talaka zai iya?

Da yawa cikinmu ba za mu ga 2060 ba, amma yaran da ke aji ɗaya yau a lokacin suke da ƙarfinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba mu yi magana ana cikin rabo ba, za a gama a kawo mana farashi kawai. Allah ya sa mu dace, amin.