Zabin Kawu a Mararaban Rido

Cikin tsuntsayen da muke kiwo a gida, zabo ne har yau bai gama miƙa wuya ba. Kaza ta yarda da akurki, tantabara tana komawa ɗakinta da magariba, agwagwa ba ta nisa da kwatami. Zabo kuwa zai ci hatsinka, ya sha ruwan kaskonka, amma da rana ta faɗi sai ya haye bishiya ya kwana a can. In damina ta sauka, zabuwa ta kutsa cikin ciyawa ta saka ƙwanta inda ba ka sani ba. Tsuntsun Afirka ne gaba da baya, a dazuzzukanmu na kudu da Sahara aka fara kama shi aka kawo gida, kuma danginsa na daji suna nan suna yawo garke-garke. Na gida da na daji ba su da wani bambanci mai yawa, a jiki ko a hali.

A gonar kawuna na san zabo. Kawu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya daɗe a Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa, wani ya nufi Jos, wani ya nufi Kaduna. Rayuwarsa duka agogo ce da tuta da usur. Da ya yi ritaya bai koma ƙauye ba, bai kuma zauna cikin gari ba. Ya sayi ɗan fili a Mararaban Rido, a ƙaramar hukumar Chikun, kan hanyar da ta fita daga Kaduna ta bi Kachia ta kai mutum har Kafanchan ɗin da ya baro. A lokacin gidaje ba su yi yawa ba. In ka wuce Sabon Tasha sai gonakin Gbagyi, sai matatar mai da aka buɗe a 1980, wadda harshen wutarta ke haska sama da dare in tana aiki.

Gonar ba ta kasuwa ba ce. Masara ce kaɗan, da gyaɗa, da kuɓewa a bayan ɗaki, da mangwaro biyu, da tsohuwar ɗorawa da ya tarar a wurin ya ƙi sarewa. Akwai awaki, akwai kaji. Amma zabi su ne abin hirarsa. Wani maƙwabcinsa Bagbagyi ne ya fara ba shi ƙwai, wani Bafulatani da ke kawo nono ya koya masa sauran.

Darasi na farko shi ne, zabuwa ba a ba ta amanar ƙwanta. Tana fara saka ne in ruwa ya zauna, ta ci gaba har zuwa ƙarshen damina, da rani kuwa sai ta ɗauke. Sau da yawa zabi biyu ko uku sukan haɗu su zuba ƙwai a rami ɗaya, ka tarar da tuli a gindin ciyawa. Neman wannan rami shi ne aikinmu in mun je hutu. Kawu yakan ce, “Ku zauna daga nesa, kada ku bi ta. Zabon da kuka gani tsaye shi kaɗai yana waige-waige da hantsi, gadi yake yi, matarsa tana kusa.” Haka kuwa abin yake, domin a ɗabi'arsu zabi biyu-biyu suke haɗuwa lokacin saka, namijin ya tsaya tsaro. In an gano ramin, Inna, matar Kawu, ba ta bari a sa hannu. Da dogon ludayi take kwashewa, wai in zabuwa ta ji warin hannun mutum ta bar wurin ke nan. Kawu bai yarda da maganar wari ba. Shi a ganinsa abin da ke korar ta shi ne ta dawo ta tarar an share ramin ƙaf, ko an tattake ciyawar da ke rufe ta, saboda haka kullum sai ya sa a bar mata biyu ko uku. Sun yi ta wannan musu shekara da shekaru, ita da ludayinta, shi da ƙwansa uku, zabin kuma ba su daina saka ba.

Ƙwan da aka kwaso sai a sa wa kaza mai kwanci. A nan ake gane haƙurin kaza. Nata ƙwan kwana 21 yake yi, na zabo kuwa sai ya kai 26 zuwa 28, amma haka za ta zauna ba ta tashi. In za a haɗa da nata, sai a fara sa na zabo, bayan mako guda a ƙara na kazar, don su fito tare. Kawu yana rubuta ranar a jikin ƙwan da fensir, ya kuma rubuta a wani tsohon littafin aiki, yadda ya saba rubuta isowar jirgi da tashinsa.

Me ya sa ba a barin uwar ta yi renonta? Saboda raɓa. Zabuwa tafiyayya ce, da asuba za ta ja 'ya'yanta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ita tana gaba ba ta waiwaye, su kuma ƙanana ne ƙwarai, da sun jiƙe sanyi ya kama su sai mutuwa. Wanda ya tsira daga raɓa, ga shirwa, ga muzuru, ga tunku. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma wannan tsoron nata shi ne ke raya ɗan zabo: tana kiran su, tana rufe su da fikafikai, ba ta nisa da gida. Na sha jin ana zagin zabuwa da rashin iya uwa, amma ban ga laifinta ba. A daji ita da mijinta suke renon tare. Mu ne muka raba ta da wannan tsari, muka kwashe ƙwan, muka yanka mazan don baƙi.

Kawu ya yi wa 'yan zabinsa doka irin ta tasha. Ba sa fita sai rana ta shanye raɓa. Abincinsu na farko tsakin gero ne ko na masara, da gara. Yakan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karan masara, ya yayyafa ruwa, ya kifa ta kusa da suri da yamma. Da safe ya ɗago ta cike da gara, ya zazzage musu. Ruwan shansu a kasko marar zurfi yake, da tsakuwa a ciki don kada su nutse. A bakin wannan kasko na ga karin maganar nan da idona, albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko, sai dai a gidan Kawu har da zabo cikin masu cin albarkacin.

Sai kuma ranar rabuwa ta zo. 'Ya'yan da kaza ta kwanta a kansu kusan wata guda, ta yi musu tono, ta yi faɗa da shirwa dominsu, da fikafikansu sun yi ƙwari sai su bi garken zabi su haye ɗorawa, ita tana ƙasa tana kira. Inna takan tausaya wa kazar, ta ce butulci ne. Kawu ya ce, “A'a, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.” Wannan magana gaskiya ce har a zahirinta. Ɗan zabon da bai taɓa jin muryar uwarsa ba, in ya girma kukan zabi zai yi. Da kukan ma ake rarrabe su, domin a ido namiji da mace kusan ɗaya ne, sai dai ƙahon kan namiji da leɓɓansa sun ɗan fi girma. Macen ce ke yin kukan nan mai gaɓa biyu da muke ji kamar ƙurƙet, ƙurƙet. Namiji gaɓa ɗaya gare shi, yana maimaita ta da ƙarfi in ya ga abin da bai yarda da shi ba.

Abin da zabo bai yarda da shi ba kuwa yana da yawa. Baƙo, kare, shaho, maciji, duk sai garken ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Na ga sun kewaye maciji a bayan rumbu suna ta ƙara har Kawu ya zo da sanda. Wasu maƙwabta suna ƙorafin surutunsu, shi kuwa yana cewa masu gadi ne da ba sa karɓar albashi. Suna kuma cinye fara da kaska da ƙwarin gona, ba tare da sun tone shuka yadda kaji ke yi ba. Kama su ne aiki. Zabo ya fi son gudu da tashi, in ka matsa masa ya yi fir ya haye reshe. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda zai ci zabon Kawu sai ya jira dare, a hau ɗorawa da tocila.

Zanen jikinsa ya daɗe yana ba mutane mamaki. A gabashin Afirka akwai tatsuniyar da ke cewa zabuwa ta ceci saniya daga zaki, saniyar ta tsoma jelarta cikin nono ta yayyafa mata don zakin ya kasa gane ta. Girkawan da kuwa cewa suka yi wasu 'yan mata ne suka yi ta kukan mutuwar ɗan'uwansu har aka mai da su zabi, ɗigon hawayensu ya zauna a gashinsu. Inna ba ta da tatsuniya a kan wannan, ita dai in ta ɗaga gashin zabo sai ta ce, “Dubi aikin Allah, ba alli ba shuni.” Masu kiwo a Arewa suna rarrabe su da launi: akwai sake mai ɗigo-ɗigon da kowa ya sani, akwai hurudu mai ruwan toka, akwai angulu baƙi, akwai fari. Kawu ya fi son sake.

Ƙwan zabo ƙarami ne, bai kai na kaza ba, amma ɓawonsa ya fi kauri nesa ba kusa ba, shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba a ƙasar zafi. Duk wanda ya bi tashoshin mota na Arewa da damina ya ga 'yan mata da tiren dafaffen ƙwan zabi da yaji a ƙulle. Mu yara mukan ƙwanƙwasa shi a haƙori mu zaɓi mai tauri, mu gwabza da na juna, wanda nasa ya fashe ya miƙa. Naman kuma ba shi da kitse, yana da ƙanshin daji. Da Salla da Kirsimeti Kawu yakan aika wa maƙwabta, ba ya duba wane ne ke bikin. In baƙo ya zo daga Kafanchan, tsohon abokin aiki, to ranar akwai farfesu. Mukan yi zugum in aka kama wanda muka saba da shi, Inna ta ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

A watan Fabrairun 2006, da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jaji, karo na farko a Najeriya, Kawu ya shiga damuwa ƙwarai, ya hana shigo da kowane tsuntsu daga kasuwa. Allah ya tsare masa. Annobar kaji da ke zuwa da hunturu ma, na sha ganin ta kwashe kajin unguwa zabinsa suna tsaye, ko da yake bai taɓa sakaci da allurar rigakafin da ake kawowa daga Vom ba.

Kawu ya rasu kafin tsaro ya taɓarɓare a wannan yanki, kafin daren 5 ga Yulin 2021 da aka sace ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a kan wannan hanya. Tun daga nan dattawa da yawa masu irin burinsa suka ji tsoron kwana a gona. Gidaje kuma sun cinye ciyawar da zabi ke saka a ciki.

Duk da haka ina ganin mun yi sakaci da wannan tsuntsu. Fotugis sun kwashe shi daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Turai tun ƙarni na 15, yau Faransa tana kiwonsa a manyan gonaki, mu da muke da asalinsa mun bar shi a hannun raɓa da shirwa, mun tattara hankalinmu kan kajin gidan gona masu cin abincin saye. Ga duk wanda ritaya ta matso kuma yana da ɗan fili da bishiya ko ɗaya ce, ya nemi kaza mai kwanci da ƙwan zabi goma a farkon damina, ya tanadi wuri busasshe mai ɗumi, kada ya saki 'ya'yan da safe sai raɓa ta bushe, har su yi makonni shida.