Darakta mai riƙe da jakar kuɗinsa a siniman Faransa

A Faransa, tun daga shekarun 1950, daraktoci da dama sun gaji da jiran furodusa, suka kafa kamfanoninsu. Agnès Varda ta buɗe nata a 1954. François Truffaut ya kafa Les Films du Carrosse a 1957, Éric Rohmer da Barbet Schroeder kuma suka kafa Les Films du Losange a 1962.

Babban dalili shi ne iko. Wanda ya zuba jari shi ke yanke hukunci kan jarumi da tsawon fim da yadda labari zai ƙare, su kuwa waɗannan matasa sun ɗauki fim tamkar littafi, marubucinsa ɗaya. Amma buri kaɗai da bai isa ba. Ƙananan kyamarori sun sa ana iya ɗaukar fim a titi da kuɗi kaɗan. Gwamnati ma ta taimaka: hukumar finafinai ta ƙasar, CNC, tana cire haraji daga kowane tikitin sinima, har na finafinan Amurka, ta mayar wa masu shirya fim na gida, kuma daga 1959 ta fara ba da rance tun kafin a ɗauki fim.

Inda aka yi kaffa-kaffa, abin ya yi albarka. Rohmer ya shafe shekaru yana finafinai masu araha da 'yan ma'aikata kaɗan, ba mai tsoma masa baki. Kamfanin nasa ya rayu bayansa, har ya shirya fim ɗin Amour na Michael Haneke, wanda ya ci babbar kyautar Cannes a 2012.

Darakta Luc Besson ya bi wata hanyar. Kamfaninsa EuropaCorp ya nufi kasuwar duniya da finafinan Turanci irin su Taken, kuma fim ɗinsa Lucy ya kawo sama da dala miliyan 450 a 2014. Ya horar da daraktoci, ya samar wa dubban mutane aiki, wannan ba a musu. Sai dai a 2017 ya fito da fim ɗaya, Valerian, wanda ya ci kusan yuro miliyan 200, ba wanda ya isa ya ce masa a'a, tunda shi ne darakta, shi ne mai kamfani. Fim ɗin bai yi kasuwa a Amurka ba, bashi ya yi katutu, a 2020 masu jari na Amurka suka karɓe ragamar kamfanin.

A ganina, haɗa aikin darakta da na furodusa yana kare darakta ne muddin kuɗin da ya sa ba su fi ƙarfin asararsa ba. Da zarar sun fi, yana bukatar furodusan da zai iya taka masa birki.