Hannun da ke riƙe da linzamin kwamfuta ma yana gajiya

Aikin kwamfuta ya shiga ko'ina a jihar Damagaram. Daga ma'aikatar magajin garin Hamdara a gundumar Mirya, inda ake fitar da takardun haihuwa, har zuwa shagunan buga takardu na birnin Zinder da ɗaliban Jami'ar André Salifou ke cikawa lokacin haɗa kundin kammala karatu, za ka tarar da mutum zaune tun hantsi, hannunsa na dama a kan linzamin kwamfuta, wanda wasu ke kira suri, wasu maus. A idon manomi wannan hutu ne. Amma da yawa daga masu wannan zama suna kwana da ciwon wuyan hannu da kafaɗa, kuma kunya ba ta barin su faɗa.

Ciwon ya girmi kwamfuta. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a a 1700, kuma a bugun 1713 ya ƙara bayani a kan magatakarda, waɗanda yawan zama da maimaita motsi ɗaya ke kashe wa hannu. Malamin da ya taɓa rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara ya san zancen, haka ma dukawa da teloli.

Ga abin da ke faruwa. A wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar kafa da jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu ke bi, tare da jijiya guda mai kai ji ga babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin yatsan zobe. Idan ka tanƙware wuyan hannu sama, ka dafa shi a gefen tebur, kana danne-danne ba hutu, jijiyoyin da abin da ya lulluɓe su sukan yi tsami har su kumbura. Igiyar guga ba ta da kaifi, amma dubi yadda take cin itacen bakin rijiya. Da farko gajiya ce da ke wucewa da an tashi aiki. Daga baya sai zafi a damtse ko gwiwar hannu, yatsu suna mutuwa, musamman da dare, har mutum ya farka yana yarfe hannu. In kofin shayi ya fara suɓuce maka, abin ya yi nisa.

A nan ne akasari muke ɓata lamarin. Sai a ce sanyi ne, a kira mai tallar magani a sayi diklofenak, wani ma har tramol. Zafin ya lafa, a koma kan kujerar nan, a ci gaba da abin da ya jawo shi. Yawan shan diklofenak na iya gyambata ciki ya taɓa ƙoda, tramol kuwa kowa ya ga yadda ya kama matasa. Tsaga da ƙaho ba sa buɗe kafar da ta matse.

Gyaran da ya fi aiki ba ya cin ko dala. Jawo linzamin kusa da madannai, yadda gwiwar hannunka za ta zauna a jikin haƙarƙarinka, kafaɗa a sake. Damtse ya kwanta a tebur, wuyan hannu a miƙe. Teburan ofisoshinmu don rubutun biro aka ƙera su, sun cika tudu; in haka ne ɗora matashi a kujera, ka sa bulo ko 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa. Riƙe linzamin sako-sako, ka motsa shi da dukan hannu, kada ka bar wa wuyan hannu aikin shi kaɗai. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka da ke yini yana murza ɗan faifan taɓawa da ke jikinta da yatsa ɗaya, gara ya nemi linzami daban.

Rage danne-dannen ma. Maɓallin Tab yana tsallaka da kai daga gurbi zuwa gurbi wajen cike takarda, Ctrl da C kwafi, Ctrl da V liƙawa, Ctrl da S adanawa. Ana iya koya wa hannun hagu aikin. A Windows akwai wurin sauya maɓallan linzami. Kwanakin farko da takaici, amma hannu yana sabawa.

Sai hutu, kuma shi ya fi wuya a wurinmu saboda wuta. In kamfanin lantarki na Nigelec ya kawo, kowa so yake ya gama aikin yini kafin a ɗauke, sai a zauna a ƙage ba ɗagawa. Wannan rige-rigen ya fi komai cin hannu. Duk rabin awa saki linzamin na minti ɗaya ko biyu, miƙe tsaye, buɗe yatsu ka dunƙule, juya kafaɗu. Tashin azahar da la'asar alheri ne, sai dai tazararsu ta yi wa hannu yawa. Masu shaguna kuma su ji: yaron da aka hana numfasawa yau, gobe shi ne zai kasa buga shafi guda.

Idan mutuwar yatsu ta ɗauki makonni, ko tana tashinka daga barci, ko tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, je gidan likita mafi kusa, in ta kama a tura ka Babban Asibitin Ƙasa na Zinder. Mai ciwon suga da mace mai ciki su fi gaggawa, domin su abin ya fi saurin kamawa. Likita na iya ba da takalmin hannu da ake ɗaurawa da dare don wuyan hannu ya kwana a miƙe, ko allura, ko ƙaramar tiyata in ya tsananta. Ma'aikacin da ke da rajista da hukumar inshorar ma'aikata ta CNSS ya adana duk takardun asibiti, ya tambayi hukumar ko irin nasa ciwon yana cikin cututtukan aiki da take ɗaukar nauyi.