Cacar Wasanni Tsakanin Dokar Jiha da Dokar Ƙasa: Kano da Zangon Kwatano

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan muhawarar da ake yi game da halatta cacar wasanni, musamman ta ƙwallon ƙafa, da kuma wanda ke da ikon yanke hukunci a kanta. Za a kwatanta wurare biyu da Hausawa ke zaune, wato Kano a Nijeriya da unguwar Zango ta birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin. Mutanen wuraren biyu harshensu ɗaya, mafi yawansu kuma addininsu ɗaya, amma tsarin dokar da suke ƙarƙashinsa ya sha bamban.

Kafin a yi nisa, ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar "halatta". A bakin malamin addini tana nufin abin da Shari'a ta yarda da shi, a bakin lauya kuwa tana nufin abin da hukuma ta ba lasisi. Caca haramun ce a Musulunci, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, kuma lasisin hukuma bai sauya wannan ba. Ma'ana ta biyu ce ake jayayya a kanta a kotuna da majalisu.

2.0 Yadda Gidan Caca ke Samun Riba

Mu ɗauka mutum 100 sun zuba jaka guda-guda, wato sefa 1,000 kowannensu, a kan wasan da dole ɗaya ya ci ɗaya. Rabi sun zaɓi wannan ƙungiya, rabi sun zaɓi waccan. Gidan caca ya yi alkawarin biyan sefa 1,900 ga duk wanda ya dace. Abin da ya karɓa sefa 100,000 ne, abin da zai biya kuwa sefa 95,000, saura 5,000 sun zama nasa ko wace ƙungiya ce ta yi nasara.

Matasa sun fi son haɗa wasanni da yawa a tikiti guda, saboda kuɗin da ake kwaɗaita musu ya fi tsoka. To amma idan aka haɗa wasanni 10, kowanne damar dacewa da shi rabi da rabi ce, damar cin tikitin gaba ɗaya 1 ce cikin 1,024. Ke nan jimillar 'yan caca kullum asara suke yi, kuma daga wannan asara ce kamfani ke cin riba, hukuma ke karɓar haraji.

3.0 Nijeriya: Ikon Ya Koma Jihohi

A shekarar 2005 Majalisar Tarayya ta yi dokar lotiri ta ƙasa, wadda ta kafa hukumar da ke ba kamfanonin caca lasisin aiki a duk faɗin Nijeriya. Jihar Legas ba ta amince ba, ta shigar da ƙara a Kotun Ƙoli a 2008. Hujjarta ita ce Tsarin Mulki na 1999 ya jera abubuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka, da waɗanda take tarayya da jihohi a kansu, kuma caca ba ta cikin ko ɗaya. Abin da ba a jera ba kuwa na jihohi ne. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, alƙalai bakwai suka ba Legas gaskiya, suka taƙaita aikin dokar ga Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Wannan hukunci bai halatta caca ba, bai kuma haramta ta ba. Abin da ya yi shi ne tantance mai iko. Shi ya sa ya haifar da sakamako iri biyu. Legas ta samu damar ba da lasisi da karɓar haraji ta hannun hukumarta. Kano kuwa, wadda ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, ta samu damar hanawa. Tun a watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca kimanin 30, bayan hukuncin kuma ta sanar cewa za ta ci gaba, tun da lasisin Tarayya da masu shagunan ke fakewa da shi ya daina aiki a jihar.

Irin haka ta faru a Amurka. A ranar 14 ga Mayu, 2018, Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. Daga nan jihohi fiye da 30 suka halatta ta, wasu kamar Utah suka ƙi.

4.0 Zangon Kwatano: Inda Babu Jiha

Zanguna sun samo asali ne daga fataucin Hausawa, musamman na goro, inda masaukin fatake ya zama unguwa mai masallaci da shugabanninta. Zangon Kwatano na daga cikinsu. Sai dai Benin ba tarayya ba ce. An kasa ta yankuna 12, amma babu wanda ke da majalisar yin doka irin ta jihohin Nijeriya, kuma Tsarin Mulki na 1990 ya ce hukuma ba ta bin wani addini. Bugu da ƙari, ita kanta gwamnati tana cikin harkar, ta hanyar kamfanin lotiri na ƙasa, LNB, wanda aka kafa a 1967, aka kuma sayar wa jama'a wani kaso na hannun jarinsa a 2024.

Saboda haka mahaifin da ke Zango ba shi da Hisbar da zai kai wa ƙara, ba shi da majalisar jihar da zai roƙa. Abin da ya rage masa shi ne huɗubar liman, da faɗan iyaye, da idon maigidan da yaro ke yi wa tsaron shago.

5.0 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu son a ba da lasisi suna cewa caca ba ta gushewa don an hana ta, sai dai ta koma ɓoye. Gara a san masu yin ta, a hana ƙananan yara shiga, a tilasta wa kamfani biyan wanda ya ci, a kuma karɓi haraji. Masu son a hana suna cewa lasisi na wanke abin a idon matasa, kuma gwamnatin da ke cin kuɗin caca ba za ta so ta ragu ba. Suna ƙarawa da cewa harajin daga aljihun talaka yake fitowa: kuɗin cefane ne, da jarin ƙaramin ɗan kasuwa, da kuɗin makaranta.

Akwai abin da ya gagari ɓangarorin biyu, wato wayar hannu. Dokar jiha tana tsayawa a kan iyakar jiha, intanet kuwa ba ta san iyaka ba. Ana iya garƙame shago a Kano, amma saurayi ya zuba kuɗi yana kwance a ɗakinsa, kamar yadda takwaransa na Zango ke yi da asusun kuɗinsa na waya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa hukuncin 2024 ya amsa tambayar wane ne mai iko, ya bar wa kowace jiha tambayar me za a yi. Kano tana da ikon hanawa, Zango ba shi da shi, amma duk ɗaya wayar ta shigo da caca cikin gida. Duk dokar da ba ta taɓa hanyar biyan kuɗi da tallace-tallace da tantance shekarun mai shiga ba, to shagon kawai ta rufe. Inda kuma doka ba ta hannun al'umma, kamar Zango, koya wa yaro lissafin da aka kawo a sashe na biyu aiki ne da malami da mahaifi za su iya yi ba tare da jiran hukuma ba.